Ranar Da Aka Tuɓe Wa Kabeji Riga

Kakanta ne ya sa mata Barkono tun ba ta yi haƙori ba, sunan kuma ya bi ta har aka kusa manta na gaskiyar. Ba ta cika shekara uku ba, amma duk gidan babu wanda ya kai ta iko. In aka ba ta ruwa a kofin da ba shi take so ba, kuka. In aka ba ta a wanda take so, shi ma kuka, don me aka riga ta faɗa. Ta taɓa yin birgima a ƙofar shagon mai takalmi saboda an hana ta tafiya gida da warin takalmin wani ƙato. Ta taɓa yin kuka har muryarta ta dishe don ta cinye ayabarta, ayabar kuma ta ƙare.

Babanta mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali da kunyar idon jama'a. A shagonsa yana iya wuni bai yi magana mai tsawo da kowa ba, sai dai ya kara kunne a jikin firji yana sauraron injin, ya gane abin da ke damunsa. Irin wannan mutumin ne Allah ya ba wa Barkono. Duk ranar da ya fita da ita sayayya, ya san yadda za a ƙare: zai saɓo ta a hammata kamar tukunyar gas, tana harba ƙafafu, shi kuma yana ba mutane haƙuri dama da hagu, har da waɗanda ba su ma lura ba. In sun dawo gida sai ya zube a kujera ya ce wa matarsa, "Ni dai daga yau na bar fita da ita." Ita kuma sai ta yi dariya ta ce, "Haka ka ce wancan satin."

Sai ciwon ya zo. Da farko zazzaɓi ne irin na yara, aka ba ta magani ya sauka, ya sake dawowa. Daga nan wuyanta ya sanƙare, sai jijjiga. Sun daɗe a asibiti, daɗewar da har babanta ya daina tuna wace rana ake. Ya rufe shago, matarsa ta bar zuwa aikinta na shagon sayar da magani, suka riƙa musayar zama a kan kujerar roba guda ɗaya da ke gefen gadon. Akwai ranar da likita ya kira shi waje ya yi masa magana a hankali, yana kallon ƙasa. Bai taɓa gaya wa matarsa abin da aka ce masa a ranar ba. Allah ya sa ba haka ta faru ba.

Aka sallame su. Suka dawo gida da yarinya mai siraran hannuwa da tabon allura a bayan tafinta, ƙafarta ta hagu tana ɗan ja. Ta san mamanta, ta san babanta, in an kira ta tana juyowa. Amma inda aka ajiye ta nan za a same ta. Abin da aka kai bakinta shi za ta ci. Rigar da aka ɗauko ita za ta ɗaga hannu a sa mata. Maganarta duk ta taƙaita ga "to" da "ruwa", su ma a hankali, sai ka matso za ka ji.

Likita ya ce a ba ta lokaci. Ya ce yara suna ba da mamaki, amma ba zai yi musu alkawarin komai ba.

Masu zuwa dubiya kuwa sai yabo. Yayar babanta ta zo da kwalin madara, ta zauna ta daɗe tana kallon yarinyar a kan tabarma, sannan ta ce, "Kai, ikon Allah. Barkono ta yi hankali. Wallahi kamar an canza ta. Kun huta."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Uwar ta miƙe ta shiga kicin, ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Mai gyaran firji ya zauna yana murza hularsa a gwiwa, ya ce, "Haka ne, Yaya."

Daga baya ya fara wani abu da bai gaya wa kowa ba. In zai ba ta ruwa, sai ya zaɓi koren kofi, wanda a da ko ganinsa ba ta son yi. Sai ta karɓa ta sha. In zai sa mata takalmi, sai ya juya ƙafafun, na dama a hagu, ya tsaya yana jira. Sai ta dubi ƙafafunta, ta dube shi, ta yi shiru. Ya taɓa gutsurar biskit ɗinta a gabanta, laifin da a da sai an kai ruwa rana kafin a yafe shi. Ta miƙo masa sauran. Ranar ya fita bakin ƙofa ya daɗe a tsaye.

Wata rana matarsa ta kama shi yana juya takalmin. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta durƙusa ta gyara wa yarinyar, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni ma na gwada. Na yanka mata burodi a karkace. Ta cinye."

Haka aka yi ta tafiya. Ya koma shago, ita ma ta koma aiki, don zama ba zai yiwu ba. Gidan ya zama tsaf. Babu abin wasa a warwatse, babu shatin yatsu a jikin talabijin, ƙofar firjinsu na gida ta daina kwana a buɗe.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, matarsa tana da aikin safe. Tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi ta ce, "Sabulu ya ƙare, famfas ma saura kaɗan. Ga kwan lantarkin banɗaki ya mutu. Ka tafi da ita, ta sha iska. Likita ya ce a riƙa fita da ita cikin mutane."

Suka hau mota zuwa babban kantin da ke bakin titi, mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Ya ɗauki keken zuba kaya, ya zaunar da ita a ɗan wurin zaman yara da ke gaba, ƙafafunta suna lilo ta ramukan. A da, shigar da ita wannan wurin kaɗai kokawa ce. Yau ta sa ƙafafun da kanta.

Ya tura keken ta layin alawa a hankali, da gangan. Ba ta ko waiwaya ba. Ya bi ta layin kayan wasa, ya tsaya gaban wata 'yar tsana mai jan gashi, ya ɗauko ya nuna mata. Ta dube ta kamar yadda mutum ke duban bango. Ya mayar. Ya ɗauki sabulu da famfas da kwan lantarki, ya nufi wajen biya ta ɓangaren kayan lambu don nan ne hanya ta fi kusa.

Yana cikin tafiya ya ji an ja hannun rigarsa.

Ya tsaya. Barkono ta miƙa ɗan yatsanta tana nuna wani abu a bayansa. Ya juya. Tulin kabeji ne a cikin akwatin katako, an jera su har sama.

"Me kike so? Lemo?" Ya ɗauko lemo daga akwatin da ke kusa.

Ba ta sauke yatsan ba.

"Wannan?"

Ya ɗauko kabeji ɗaya, ƙato, mai wani faffaɗan ganye da ya fara yaushi ya lulluɓe shi ta gefe. Ta buɗe hannuwa biyu. Ya ɗora mata a cinya, ta rungume shi, ta kwantar da kumatunta a kansa. Ya kusa kai girman kanta.

Babu wanda ke cin kabeji a gidansu. Amma tun da suka baro asibiti ba ta taɓa nuna wani abu ta ce shi take so ba. Da tulin duka ta nuna, da ya nemi yadda zai yi. Ya ci gaba da tura keken a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti, yana satar kallonta. Tana shafa ganyen nan mai yaushi, tana gyara shi, tana jan shi sama kamar mai lulluɓe jariri.

Layin biya ya yi tsawo. A gabansu akwai wata dattijuwa da kwandon kayan shayi, a bayansu wani mutum mai jakar ofis yana ta duba agogo. Da aka zo kansu, dattijuwar ta koma gefe tana shirya kayanta a leda. Mai karɓar kuɗin matashiya ce mai fara'a da saurin hannu. Ta wuce da sabulu, ta wuce da famfas, ta wuce da kwan lantarki, sannan ta miƙo hannu.

"Kawo in auna, 'yan mata."

Barkono ba ta saki ba. Babanta ya sunkuya ya ce, "Za a dawo miki da shi yanzu." Ya zare shi a hankali daga hannunta ya miƙa.

Sai ta yi magana. Ba da raɗa ba, da murya sosai.

"Nawa ne."

Mai karɓar kuɗin ta yi dariya. "Iye, har kin iya tambayar kuɗi? Sai an auna tukuna, hajjaju."

"Ba kuɗin take tambaya ba," in ji babanta. "Cewa take nata ne."

Amma matashiyar ba ta ji shi ba. Ta riga ta ɗora kabejin a sikeli, kuma da yake mai kirki ce, ba ta son a auna wa mutum abin da ba zai ci ba, sai ta sa yatsu ta fizge ganyen nan mai yaushi ta jefa a kwandon shara da ke ƙarƙashin teburinta.

Barkono ta dubi kabejin. Ya fito fari tas, sumul, kamar kan da aka aske. Ta dubi matashiyar. Leɓenta na ƙasa ya fara turowa. Fuskarta ta tattare. Ta buɗe baki, amma babu sauti, tana ta jan iska, tana ta ja, kamar ba za ta gama ba.

Mai gyaran firji ya san wannan shirun. Ya san shi kamar yadda ya san ƙarar injin da ke shirin tashi. Gabansa ya faɗi, bai san ko tsoro ne ko wani abu daban ba.

Ihun ya fito.

Mutumin da ke jera gwangwanaye a can ƙarshen kanti ya saki guda biyu. Wata mata ta dafe ƙirji ta yi salati. Barkono ta banƙare a cikin keken, ta cusa ƙafa tana neman fita, babanta ya ɗago ta don kada ta faɗo, ta zame daga hannunsa kamar kifi ta kwanta rigingine a kan tayil. Ta harba ƙafar dama, takalmin ya tashi sama ya faɗa cikin kwandon dattijuwar. Ta harba ta hagu, mai jan nan, ita ma ta ɗaga, ba sosai ba, amma ta ɗaga.

"Rigarsa! Rigarsa! An cire masa riga!"

Ya tsaya a kanta, hannuwansa a sake. Ya ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya. An cire masa riga. Magana ce cikakkiya, mai kai da gindi, irin wadda ya daina sa ran ji. Sai dariya ta kuɓuce masa. Ya yi ƙoƙarin danne ta, ta ƙi. Ya dafa keken yana dariya, kafaɗunsa suna rawa, can sai ya ji fuskarsa ta jiƙe, ya kasa gane inda dariyar ta tsaya.

"Malam," in ji mai jakar ofis, "ka ɗauke 'yarka mana. Mutane suna da abin yi."

Dattijuwar ta ciro takalmin daga cikin kwandonta, ta riƙe shi da yatsu biyu. "Yaran yanzu ke nan," ta ce. "Yarinya tana birgima a ƙasa, uban yana dariya. Ɗana, in ba ka tanƙwara ta yanzu ba, wallahi gaba kai za ka yi kuka."

"Ai kukan yake yi, Mama," in ji mai karɓar kuɗin a hankali.

Uban ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira matarsa. Ta ɗauka da muryar aiki, ana jin hayaniyar masu sayen magani a bayanta.

"Lafiya? Ina da mutane a gabana."

Ya sunkuya ya kara wayar kusa da bakin Barkono.

Da ya mayar da ita kunnensa, matar tana ihu ita ma. "Me ya same ta? Faɗuwa ta yi? Jijjigar ce ta dawo? Ka yi magana mana!"

"Lafiyarta lau. Kabeji aka cire wa riga."

"Me?"

"Kabeji ta ce tana so. Aka cire ganyen. Shi ne take birgima. Tana ƙasa yanzu haka, a gaban mutane. Takalminta ɗaya yana hannun wata baiwar Allah."

Ya ji an ja kujera, ya ji ƙofa ta rufe, hayaniyar shagon ta yi nisa. Sai muryarta ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Kar ka kashe wayar. Mayar mata. Bari in ji."

Ya mayar. Haka mai gadin kantin ya zo ya same su: yarinya a ƙasa tana tsala ihu, uba a tsugune yana riƙe mata waya kamar ɗan jarida. Mai gadin dogo ne, mai furfura a gemu da kulki a ɗamara. Ya dubi uban, ya dubi yarinyar, ya tambayi mai karɓar kuɗin abin da ya faru. Ta faɗa masa, idonta ya yi rau-rau, tana cewa ita wallahi gyara ta yi niyya.

"To ina rigar?" in ji mai gadin, fuskarsa babu alamar wasa.

Matashiyar ta sunkuya ta ciro ganyen daga kwandon shara, ta kakkaɓe shi, ta ɗora a kan kabejin. Ya zame ya faɗi. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Barkono, wadda ta ɗan rage murya don ta ga abin da ake yi, ta ƙara sabon ihu.

Mai gadin ya tafi ya dawo da salatif. Ya ajiye kulkinsa a kan tebur, ya riƙe ganyen da babban yatsa, matashiyar tana naɗawa. Suka yi masa ɗamara biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mai gadin ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga shi, ranki ya daɗe. An mayar masa."

Ta dube shi ta cikin hawaye. Ta taɓa salatif ɗin da yatsa. Sai ta ture kabejin da duk ƙarfinta, ya gangara ya bi ta tsakanin ƙafafun mai jakar ofis ya shige ƙarƙashin wani teburi.

"Ba haka ba! Ba haka ba!"

Wani ya kawo sabon kabeji mai ganye har biyu. Ta ƙi ko kallonsa. Wata ta miƙo alawa, ta kaɗe ta. Shi wancan take so, kuma yadda yake ɗazu, kafin a taɓa shi. Duk kantin babu mai iya ba ta wannan.

Mai jakar ofis ya ɗauki kayansa ya koma wani layin yana tsaki. Dattijuwar kuwa ba ta tafi ba. Tana tsaye da takalmin a hannu, tana kallon bayan tafin yarinyar, inda tabon allura ya yi baƙi, da siraran ƙafafun da ke dukan tayil.

"Ba ta da lafiya ne?" ta tambaya.

"Ta yi ciwo, Mama. Mun daɗe a asibiti." Ya goge fuska da hannun riga. "Tun da muka dawo ba ta yi kuka ba. Ba ta ce tana son komai ba. Yau ne farko."

Dattijuwar ta juya takalmin a hannunta, ta goge ƙurar da ke bakinsa da gefen mayafinta.

"Allah sarki," ta ce. Can kuma ta ce, "Ka yafe ni, ɗana. Baki ne." Ta juya wajen mutanen da suka taru. "To me ake kallo? Ba ku taɓa ganin yaro yana kuka ba? A ba ta wuri ta yi abinta."

Sai kukan ya yanke.

Ba a hankali ya sauka ba, ɗif ya ɗauke. Barkono ta sanƙare, bakinta a buɗe, idanunta a rufe, fuskarta ta yi duhu. Wayar ta suɓuce daga hannunsa. Duk abin da ya gani a asibiti ya dawo masa a lokaci guda, farin gado, robar da ke hancinta, likita yana kallon ƙasa. Ya sa hannu a ƙarƙashin wuyanta yana kiran sunanta na gaskiya, wanda ba ya kira sai in abu ya ɓaci. Daga cikin wayar da ke ƙasa ana jin muryar uwar tana tambayar me ya sa ta yi shiru.

Wuyan yana da laushi. Ƙirjinta ya ɗaga. Ta ja wata doguwar iska har da shessheƙa, ta buɗe ido, ta ga fuskarsa dab da tata, ta ɗora daga inda ta tsaya.

"Alhamdulillahi," in ji mai gadin, da ƙarfi, kamar an yi masa albishir.

Mai gyaran firji bai sake miƙewa ba. Ya zauna dirshan a kan tayil ɗin, ya jingina da teburin biya, mutumin da ko a gidan biki ba ya son a san ya zo. Ya ɗauki wayar ya ce wa matarsa numfashi kawai ta ja. Ya bar yarinyar ta yi ta yi. Mutane suna raɓawa ta gefensu da kekunansu, wasu suna murmushi, wasu suna taɓe baki. Bai ba kowa haƙuri ba.

A hankali ihun ya koma kuka, kukan ya koma ƙunƙuni. Ta mirgino ta hau cinyarsa, ta dunƙule hannu ta doki ƙirjinsa sau biyu, duka marar ƙarfi.

"Ba ruwana da kai," ta ce.

"To."

"Kai ka ba ta."

"Ni na ba ta. Na yi laifi."

Ta cusa fuskarta a wuyansa, majina da hawaye suka jiƙa masa kwala. Dattijuwar ta sunkuya ta sa mata takalmin, ta shafa kanta, ta ɗauki ledarta ta tafi. Mai gadin ya kwanta rub da ciki ya zaro kabejin daga ƙarƙashin teburi da kulkinsa. Ya yi ƙura, salatif ɗin ya kama gashi da wata takardar alawa. Mai karɓar kuɗin ta ce bari ta canza masa da wani, uban ya ce a'a, wannan ɗin dai. Ya biya, ya saɓa yarinyar a kafaɗa, leda a ɗaya hannun. Kafin su kai bakin titi ta yi barci, tana ajiyar zuciya.

Sun tarar da uwar a gida. Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata, ta taho ko jakarta ba ta ɗauko ba. Ta karɓi yarinyar ta kwantar, ta zauna a bakin gado tana kallonta. Sannan ta fito ta sa shi ya ba ta labarin tun daga farko. Da ya gama ta ce ya sake, kada ya tsallake komai. Wajen salatif ta yi dariya har ta riƙe ciki. Wajen da numfashin ya ɗauke ta rufe fuska.

"Kar mu sa rai da yawa," ya ce. "Ƙafar tana nan yadda take. Kuma wataƙila gobe ta koma shirunta."

"Na sani," ta ce. "Ranar Litinin zan gaya wa likita. Amma yau dai na ji ta."

Da yamma Barkono ta farka. Uwar ta dama mata madara ta kawo, ta kai cokali bakinta. Yarinyar ta dubi cokalin, ta datse baki, ta kau da kai. Aka sake kawowa ta ɗaya gefen, ta sa hannu ta kaɗe shi, madarar ta fallatsa a bango. Ita za ta riƙe da kanta. Aka ba ta. Ba wannan cokalin ba. Aka kawo wani. Ba a wannan kwanon ba. Kafin a ankara gidan ya ɗauka.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gyaran firji ya buɗe, ya ga wani mutum da singileti da littafi a hannu. Sabon maƙwabcinsu ne, malamin makaranta, wanda ya tare a ɗakin da ke jikin nasu suna asibiti. Gaisuwa kawai ke haɗa su a matakala.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji maƙwabcin. "Na ji kuka ne, na ce ko lafiya. Baƙi kuka yi?"

"A'a. 'Yata ce."

"Au, kuna da yarinya? Wallahi ban sani ba. Ban taɓa jin motsinta ba." Ya ɗan leƙa, daidai lokacin da kwano ya bugi ƙasa a ciki. Ya gyara tsayuwa. "Haka take yi kullum?"

Mai gyaran firji ya waiwaya. Matarsa tana durƙushe tana goge madara da tsumma, ɗankwalinta ya zame, Barkono tana tsaye a kanta da cokali a hannu tana ba da umarni cikin kuka.

"Muna fata," ya ce. "Ka yi haƙuri da mu. Shigo ka sha ruwa."